Gaishe Ka Sito, Magajin Rumbu

Gaishe ka sito, magajin rumbu. Ɗaki ba taga, ƙofar ƙarfe, kwado biyu. Mai kwana da ƙoshi unguwa na kwana da yunwa. Na duba ƙasar nan tamu kaf, daga Morai zuwa Jangebe, daga Bakura zuwa Maradun, ban ga wanda shekarun nan suka yi wa rana irinka ba. Noma ya ja da baya, garken shanu ya watse, fatauci ya koma sai da addu'a da jiran rakiya, amma kai kullum gaba kake ci. Duk ƙauyen da ya tashi, kai ka ƙaru. Duk daren da aka ji harbi a bayan gari, da safe dillalinka yana da baƙi. Wanda ya samu irin wannan ɗaukaka ya cancanci a tsaya a gabansa a faɗi aikinsa, kuma zan faɗa, ba zan ƙara maka ko ƙwayar da ba taka ba.

Da can kai abokin 'yan kasuwa ne kawai. Mai shago a kasuwar Talata yakan kama ɗaki a baya ya zuba katan ɗin sabulu da buhunan gishiri, dillalin hatsi ya kama nasa ya tara abin da ya saya kafin motar Gusau ko ta Sakkwato ta zo. Manomi ba ruwansa da kai. Yau kuwa in mutum ya zagaya bayan kasuwa, ya bi bakin titin da ya ratsa gari, ya kutsa cikin unguwanni, jerin ƙofofin ƙarfe zai yi ta gani, ba allo, ba kanta, ba mai zama a bakin ƙofa yana jiran ciniki. Zauren da yara ke karatun dare a ciki an toshe tagarsa. Garejin da ya rasa mota an sa masa sakata. Ɗakin da aka gina don malamin makaranta ko ɗalibin kwalejin Abdu Gusau ya kama haya, buhu aka ba. Kuma mai gida yana da hujjarsa: buhu ba ya ɗibar ruwan rijiya, ba ya cika masai, ba shi da 'ya'ya masu ɓata bango, ba ya kwanciya ciwo balle ya ce a ɗaga masa ƙafa wata guda. Madalla da ɗan haya irin wannan. Shi ya sa ake ganin iyali guda sun kwana a kango ba ƙyaure, ko a barandar makaranta, geronsu kuwa yana ɗaki mai daɓen siminti da rufin kwano. A ƙasar Mafara ta yau hatsi ya fi mai shi samun masauki, kuma kai ka tsaya tsayin daka har hakan ta tabbata.

Dole a jinjina maka, don wanda ka ture daga gadonsa ba kanwar lasa ba ne. Mu da muka tashi a ƙauyukan Morai mun ga yadda ake gina rufewa. Idan ruwa ya ɗauke sai a kwaɓa jar ƙasa da ramno, a jera manyan duwatsu, a shimfiɗa itace a kai don kada danshi da gara su samu hanya. A riƙa ɗaga gini kaɗan-kaɗan ana bari yana shan iska, har ta yi ciki, ta tsuke baki, a ɗora mata hular jinka. Wanda bai da halin ginin ƙasa ya saƙa rumbun kara ko na zana, shi ma ya wadatar. Gero da dawa a dami suke shiga, da zangarniyarsu, ba a sussuke ba, kuma hatsin da aka bari a zangarniya yakan shekara biyu ko uku ƙwaro bai ci ƙarfinsa ba. Dabara ce da kowane almajiri ya ji a ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salamu. Ba haya, ba la'ada, ba kuɗin maigadi. Maigida ya jingina tsani da sassafe, ya hau ya jefo dami, mata su sussuka su surfa, ƙaiƙayi ya tafi turken sa, dusa ta tafi wa tumaki, ƙasari ma akwai mai shan sa. Zakka tun a gona ake fitar da ita, dami ɗaya cikin goma. Tsohuwar da ba ta da mai yi mata noma, in ta hango an ɗage hular rufewa a maƙwabta, jikanta take turowa da ƙwarya, kuma ba a taɓa jin ya dawo da ita wayam ba. Rumbu a tsakar gida yake, a idon kowa, saboda haka rowa tana da wuyar yi.

Wannan zama a idon kowa shi ya kashe shi. Ɓarayin daji ba sa bukatar tambayar wane ne mai hali a ƙauye, rumbuna suke ƙirgawa, in ma ba su ƙirga ba infoma ya ƙirga musu. Mai rufewa uku an san abin da za a yanka masa. Su zo su fasa, su ɗora abin da babura za su iya ɗauka, su cinna wa saura wuta, noman shekara ya zama toka kafin a kira asalatu. Abin da yake mutuncin magidanci ya koma shaidar da ake kama shi da ita. A wannan hali ka bayyana, ka buɗe ƙofarka ka ce a kawo. Kuma aka kawo, don ba yadda za a yi.

Masu cewa ba a samar da aikin yi a Zamfara ba, su zo su ga bakunan da buhu ɗaya ke ciyarwa kafin ya iso gare ka. Tun kafin a sa iri a ƙasa, ƙauyuka da yawa sun tara kuɗi sun kai wa masu daji don a bar su su yi shuka. Idan amfani ya nuna, a sake tarawa don a bar su su girbe, wani wurin ma sai sun fara girbe gonar ɗan bindiga kyauta kafin su taɓa tasu. Sai sussukar gaggawa, don dami ba ya shiga mota, kuma ba mai zuciyar barin hatsi a masussuka ya kwana. A sayi buhu, a sayi zare, a ɗinke. A nemo a-kori-kura, direba ya faɗi kuɗin da ya ga dama, kuma ba a ga laifinsa, shi ma ransa ya ɗauko ya shigo da shi hanyar. A shingayen hanya a sauke abin da ya sauwaƙa. A gari 'yan dako su karɓi nasu na saukewa da na jerawa, dillali ya karɓi la'ada, mai ɗaki ya ce kuɗin shekara yake so a dunƙule, maigadin layi ya ce nasa na wata-wata ne. Duk wannan daga jikin buhun nan ake yankowa. Sa'an nan babbar baiwarka ta zo: mutumin da a da taku goma ke tsakaninsa da abincinsa, yanzu in tukunya ta bukaci tsaba sai ya hau babur, ya ratsa hanyar da ake tare mutane, ya zo gari ya auni tiya kaɗan daga nasa na kansa, ya koma yana waige. Ba ya ɗibar da yawa, don kada a gan shi da buhu. Ka mai da manomi baƙon geronsa, kuma wannan aiki ne da fari da fara ba su taɓa iya yi ba.

Ba labari nake ji ba, makullin ɗaya daga cikinku yana aljihuna. Yayana yana ƙauye, ni ina gari, sai shi da wasu gidaje na dangi da maƙwabta suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki guda, aka ce ni in riƙe. Kowa da kusurwarsa, kowane buhu da alamar mai shi, wani da gawayi aka rubuta sunansa, wani tsumma ja aka ɗaura a kunnen buhun don mai shi bai yi karatu ba. Idan na zare kwado da rana a bazara, zafi da warin magani su ke fara fitowa, sai mutum ya ja da baya ya bar ɗakin ya sha iska kafin ya shiga.

Ba hatsi kaɗai ke ciki ba. A kusurwar dama akwai kayan wata dattijuwa, ƙanwar kakarmu ta wajen uba. Kayan ɗakin autarta ne, waɗanda ta yi shekaru tana tarawa da kuɗin ƙuli-ƙuli da daddawa: jeren kwalla da samira, tasoshi, katifa da ledarta, keken ɗinki da ba a taɓa takawa ba. An sa ranar biki, ƙauyen angon ya tashi, kowa ya kama gabansa, magana ta tsaya. Ranar Talata in ta samu mota takan shigo, ta same ni.

"Ɗana, buɗe mini."

"Inna, ai lafiya lau suke, ba abin da ya taɓa su."

"Na sani. Ganinsu nika son yi."

Sai ta shiga ta durƙusa, ta kwance ƙullin, ta ɗauki kwalla ɗaya-ɗaya tana gogewa da gefen mayafi, ta ƙirga, ta mayar, ta ɗaure. Zuwa take yi kamar mai ziyarar ɗanta a gidan kaso, ta gani, ta taɓa, lokaci ya cika a rufe. Kafin ta tafi ta kwance bakin zane ta miƙo mini nata kason, kuɗi a nannaɗe, sun sha gumi.

"Ga na wanga wata. In Allah ya kawo lahiya mu kwashe abinmu."

Na sha cewa ta bar shi, ta ƙi. Ta ce ba ta son ranar da za a ce kayan ɗiyarta a alfarma suke zaune. Sannu sito. Tsohuwar da ba ta taɓa biyan haya don kwanan kanta ba tun da aka haife ta, ka koya mata biyan haya don kwanan tasa.

Kada ka ɗauka kai ka fara koya wa mutanen nan ɗaukar kaya a ka. Kana da magabaci, shi ma an yi masa kirari a zamaninsa. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya datse Gulbin Sakkwato a Bakalori. Aka ce madatsar za ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, ta shayar da hekta 23,000, manomi ya yi girbi rani da damina. Tafkin ya cinye gidaje da gonakin mutum wajen 13,000. Wasu aka hana su shuka ana baje gonakinsu da katafila, fadamun da ambaliya ke shayarwa a ƙasa da madatsar suka ƙafe. Da manoma suka tsare hanyoyi suna neman diyyarsu, ranar 28 ga Afrilu, 1980, aka aika musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnatin lokacin ta faɗi adadin mamatan da bai kai 30 ba. Mutanen Birnin Tudu da maƙwabtansu, da masu binciken da suka biyo baya, ɗaruruwa suke faɗa. Bayan duk wannan jini, na'urorin feshin ruwa da aka shimfiɗa wa hekta 15,000 suka mutu, aka koma noman abin da magudanai ke iya kaiwa, wajen sulusin abin da aka alkawarta. A 2014 Bankin Duniya ya amince da bashin kusan dala miliyan 500 don gyaran manyan ayyukan ban ruwa na Arewa, har da Bakalori. An gyara magudanai, shinkafa ta samu, ban musa ba. To amma shansherar da aka girbe a Bakura, ina za ta kwana? Wurinka. An kashe mutane don a kawo ruwa, an ci bashi don a gyara hanyar ruwan, manomi ya shiga taɓo har gwiwa, kai da ba ka san hanyar gona ba kai ke karɓar kaso na farko.

Ka kuma yi sa'ar unguwa. Ƙananan hukumomin nan uku ba marayu ba ne a siyasa. Bakura ta ba da gwamna, Ahmad Sani Yarima, daga 1999 zuwa 2007. Talata Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari daga 2011 zuwa 2019. Maradun ta ba da Bello Matawalle daga 2019 zuwa 2023, wanda daga nan ya zama ƙaramin ministan tsaro. Shekara 20 ke nan cikin 24 mulkin jihar da ake wa kirari da noma yana hannun 'ya'yan wannan yanki. Ban ce su suka kai ɓarayi daji ba. Matsalar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma soja da 'yan sanda a hannun Abuja suke. Abin da na ce shi ne, a ƙasar da ta haifi gwamna uku, magidanci ba ya iya barin dami goma a bayan ɗakinsa ya yi barci, kuma wannan abin kunya ne da ya kamata ya hana manya da yawa barci su ma. An gwada sulhu, an gwada wuta, a farkon 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawa sama da 2,600. Kowace dabara ta zo da gangarta, kai kana nan kana ƙara ɗakuna.

Shekarar 2021 kam taka ce. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗebi ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta Maradun. A farkon watan nan na Satumba gwamnati ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka katse layukan waya a faɗin jiha na tsawon makonni. Kasuwa ta mutu, waya ta mutu, mai kaya a gari bai iya ko tambayar lafiyar kayansa ba, bai kuma iya sayar da tiya ɗaya ya sayi magani ba. Abu ɗaya ne bai tsaya ba ko na kwana guda, hayarka. Irin wannan riƙon amana ga uban gida, a ina ake samun sa?

Wani halinka da ya fi burge ni shi ne ba ka nuna bambanci. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin mai gudun hijira da ɗakin mai ajiyar jiran tsada, kuma kwadonsu iri ɗaya ne. Na farko ya kawo don tsoro, na biyu ya kawo don ya san akwai masu tsoro. Da kaka, manomin da bai da halin biyan mota da dako da haya ba shi da zaɓi sai ya sayar a farashin da aka yanka masa, don barin hatsi a gida kiran mutuwa ne. Mai kuɗi ya baza yaransa a bakin kasuwa su yi ta awo, ya cika ɗaki biyar, ya rufe, ya tafi harkokinsa. Ba ya nome, ba ya girbi, jira kawai yake, sai marka ta sauka, rumbun kowa ya ƙare, sa'an nan ya zaro makulli. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan ɓoye abinci lokacin da jama'a ke bukata, amma ɗaki mara taga ba ya jin wa'azi, kuma jikan tsohuwar nan mai ƙwarya bai san ƙofar da zai tsaya ba. Bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A watan Fabrairun shekarar ne hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Kano ta garƙame wasu manyan 'yan uwanka a Dawanau bisa zargin ɓoye kaya. Kafin nan, a Oktoban 2020, mutane sun fasa sito-sito a jihohi da dama sun tarar da abincin tallafin korona jibge, alhali an yi watanni ana kulle da yunwa. Danginka ba su taɓa tona asirin mai ajiya ba, sai dai a fasa su.

Sai kuma abin ya juya. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya faɗo. Mai ajiya ya tafka asara, wani har jarinsa ya karye. Manomin da ya sayi taki da tsada ya kasa mai da kuɗinsa. Hatsi ya hau, an biya ka. Hatsi ya faɗo, an biya ka. Duk cikin masu harkar abinci a ƙasar nan kai kaɗai ne ba ka sauraron farashin ranar Talata.

Akwai ranar da ba na mantawa, ina ma in manta. Ɗaya daga cikin waɗanda muke ɗaki tare ya buga mini ƙofa ana idar da sallar asuba. Magidanci ne, sa'an yayana, ƙafarsa duk ƙura, da gani a ƙasa ya yi rabin tafiyar. An tafi da matarsa da ɗansa, an kira, an faɗi kuɗi, an yanka rana.

"Malam, zo ka buɗe. Duka nika saidawa."

"Yaya, ko a bar maka na ci?"

"Wa za shi ci? Buɗe."

Kafin hantsi labari ya zaga layin. Masu saye suka zo, kuma kowannensu ya san dalilin sayarwar, ya san mutumin nan ba zai iya cewa albarka ba. Suka caka buhu, suka murza tsaba a tafin hannu, wani ya ce da ɗan danshi, wani ya ce kasuwa ta yi sanyi. Geron nan ƙalau yake, ni na san yadda aka shanya shi. Aka taya abin da aka taya, ya dubi ƙasa ya ce ya sallama. 'Yan dako suka sunkuya. Ban ga mota ba, don ba a bukace ta ba: daga ɗakinmu aka fitar, aka shigar ƙofa ta uku a layin, aka datse da wani kwado. Allah ya sa iyalinsa sun dawo. Da damina ta yi tsakiya na gan shi a bakin wannan ƙofa ta uku da 'yar leda, yana sayen tiya ɗaya. Wataƙila ma daga buhun da sunansa ke jiki da gawayi aka auna masa. Ka ga aikinka, sito. Ka tara wa ɗan bindiga dukiyar talaka wuri ɗaya, a buhu, a kusa da kasuwa, yadda za ta zama kuɗi cikin sa'a guda, ka kuma ba mai jari rabonsa a cikin fansar ba tare da ya shiga daji ba.

Ko lafiyar cikinmu ba ka bari ba. Hatsin da aka sussuke aka cusa a buhu, aka rufe a ɗaki mai zafi, ƙwari ne ke fara gaishe shi, wake kam tun ba a je ko'ina ba. Sai a koma ga magani: ƙwayar da ake nannaɗewa a tsumma a tura cikin buhu, da garin da ake barbaɗawa, da ruwan fiya-fiya da wasu ke yayyafawa kai tsaye a kan abin da yara za su ci. Irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Nijeriya a 2015. Su sun ƙi, mu muna ci. Akwai buhu mai leda biyu a ciki da jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wanda ke kashe ƙwaro da rashin iska ba tare da guba ba, kuma yana aiki. Amma wanda ya biya daji, ya biya hanya, ya biya ka, da me zai sayi buhu mai tsada?

Na ji kana da 'yan uwa a Amurka, wurare wajen 50,000, har kusan gida ɗaya cikin goma yana hayar ɗakin ajiya, akwai ma kamfanoni irin su Public Storage da ke wannan sana'a tun 1972. Masu harkar a can sun ce mutuwa da sakin aure da ƙaura da komawa ƙaramin gida su ke kawo musu ciniki, wato ko a can ba farin ciki ke cika ka ba. Sai dai yawancinsu kaya ne suka yi musu yawa har gida ya kasa ɗauka, kujerun da ba a zama a kai da tufafin da ba a sawa. Mu abin da za a ci gobe ne, da gadon amarya, da injin ban ruwa, da buhun iri. Su gida ya cika suka zo maka, mu gida ya gagara. Da wannan ka fi na Amurka daraja, don su in ransu ya so sai su zubar da tarkacen su huta da haya, mu kuwa ba mu da ranar barin ka.

Ba mai ɗaki nake tsine wa ba. Na san malamin firamare da ya yi ritaya ya zuba ɗan abin da aka ba shi ya gina ƙofa uku, da su yake ci da marayun ƙanensa. Na san wanda ya buɗe zaurensa ga mutanen ƙauyensu ya ce ko sisi kada a ba shi, Allah ya saka masa da alheri. Na kuma san wanda in wata ya wuce ba a biya ba sai ya ɗora nasa kwadon a kan na mai kaya, har sai an sayar da wani abu a gabansa. Mutane iri-iri ne, haka suke tun fil azal. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muka fara sabawa. Yanzu in matashi ya samu kuɗi, shawarar da ake ba shi ita ce ya sayi fili kusa da kasuwa ya jera ɗakuna, wai harka ce mai tafiya, kuma gaskiya ne tana tafiya. Masu buga bulo suna godiya, masu walda suna godiya. Har a taro za ka ji ana cewa gari ya bunƙasa, dubi gine-gine. Ba mai tsayawa ya ce kowace ƙofar ƙarfe a layin nan gida ne a wani ƙauye da aka kashe wa murhu. Maginin da ya gina rufewar gidanmu yana da rai, yana nan gari, tsufa ya kama shi, kuma rabon da a kira shi aiki an daɗe. 'Ya'yansa ba wanda ya koyi sana'ar, biyu daga cikinsu dako suke yi a bakin ƙofarka. Ko gobe aka wayi gari daji ya yi lafiya, sai an nemi mai koya wa yara yadda ake ɗaga ginin rufewa ba ta tsage ba.

Satin da ya wuce mai ɗakinmu ya aiko dillali. Ya ce bayan Sallah haya za ta ƙaru, kuma ta shekara yake so gaba ɗaya, in ba mu iya ba mu faɗa da wuri, akwai mutanen wani ƙauye ta wajen Maradun da suka taso kwanan nan suna neman wuri ido rufe, sun ma ba da kafin alƙalami a wani ɗakin an mayar musu don wani ya fi su tayi. Na kira yayana na gaya masa. Ya yi shiru, na ji yana shawara da mutanen da ke kusa da shi, sa'an nan ya ce in sami 'yan dako ranar Talata, a fitar da buhu ɗaya daga kason kowane gida a sayar, a biya wa sauran. Ya ce kason Inna kuma a raba a kanmu, kada a gaya mata an ƙara.